Raba suna da adireshi: gwajin WireGuard

'Yan'uwa masu koyo, ga gwajin da zai nuna yadda haɗi ke ɗorewa ko da adireshin na'ura ya sauya. Tushen matsalar shi ne adireshin IP yana ɗauke da kaya biyu: shi ke faɗin wace na'ura ce, shi kuma ke faɗin inda take. TCP, ka'idar da ke riƙe haɗi tsakanin na'urori biyu, yana gane haɗi ne da adireshi biyu da lambar tasha biyu, shi ya sa da zarar kwamfuta ta bar Wi-Fi ta koma datar waya, SSH, wato haɗin shiga wata kwamfuta daga nesa, sai ya tsinke. Tsarin HIP (Host Identity Protocol) na takardar ka'ida RFC 7401, wadda ta fito a 2015, ya ce a ciro sunan na'ura daga makullinta na fili (public key, wanda ake iya nuna wa kowa), adireshi ya zama masauki kawai. WireGuard, manhajar da ke buɗe rami mai tsaro (VPN) tsakanin na'urori, da ya shiga Linux 5.6 a 2020, ya fi saukin gwada wannan tunani.

Ana bukatar saba (server) mai adireshin fili, da kwamfutar hannu, da waya mai raba data. Ku haɗa makulli a kowane ɓangare da `wg genkey`, ku ciro na fili da `wg pubkey`. Zai fito haruffa 44. A cikin ramin, kwamfutar ta ɗauki 10.8.0.2, saba ta ɗauki 10.8.0.1, tana sauraro a UDP 51820. A AllowedIPs na saba, wato adireshin da aka yarda kwamfutar ta yi amfani da shi a ramin, ku sa 10.8.0.2/32, amma kada ku rubuta wa kwamfutar Endpoint, wato adireshinta na waje. Ku buɗe SSH zuwa 10.8.0.1, ku kashe Wi-Fi, ku hau datar waya. Haɗin ba zai mutu ba, kuma `wg show` a saba zai nuna sabon adireshi.

Nan tsaron yake, kuma ya cancanci a tsaya a kai: saba ba ta karɓar sabon adireshi sai fakitin da ya zo daga can ya tabbata da makullin. Wanda ya ari adireshinku ba shi da makulli, ko amsa ba zai samu ba.

Inda ake tuntuɓe: NAT, tsarin da ke haɗa na'urori da yawa a bayan adireshi ɗaya, yana manta hanya idan an yi shiru, don haka ku sa `PersistentKeepalive = 25` a kwamfutar. Idan SSH ya buɗe amma ya daskare wajen fitar da dogon rubutu, MTU ne, wato iyakar girman fakiti. Ku sauke shi daga 1420 zuwa 1280. Idan Endpoint na saba suna ne na DNS ba lamba ba, sau ɗaya ake fassara shi zuwa adireshi lokacin tashi, to in adireshin saba ya sauya sai an sake tayar da ramin. Na'urori biyu da ke bayan CGNAT, wato NAT na kamfanin sadarwa mai amfani da 100.64.0.0/10, da wuya su iske juna ba tare da ta uku a tsakani ba.

Mataki na gaba Yggdrasil ne, wata hanyar sadarwa da ake ginawa a kan intanet, inda adireshin IPv6 na cikin 200::/7 kansa daga makulli ake ciro shi.