Allo da filafilai a gaɓar Labadi

Ranar Talata na fi zuwa Labadi, a birnin Accra na Ghana, hawan allon da iska ke turawa a kan ruwa da filafilai, don masuntan ƙabilar Ga ba sa shiga teku ranar, babu fargabar karo da kwalekwale. Daga unguwar Nima nake tasowa bayan azahar, lokacin da iskar kudu maso yamma ke kankama.

Wahalar Labadi a bakin gaɓa take. Igiyar ruwa dab da yashi take fashewa, iska kuma tana turo ka baya. Kafin ka ɗaga filafilai, wata ta rufe ka. A watan Agusta, ruwa ya yi sanyi ƙalau, igiyar ruwa ta karya min sandar filafilai, ledoji suka nannaɗe min ƙafa. Hajiyata ta ce, "Ɗan nan, ka rabu da tekun nan." Muryarta nake ji duk sanda na tsallake kumfar, allon ya ɗau gudu.