Lambobin zafin da kwamfuta ke nunawa, abin da aiki ya koya min

Duk mai kula da kwamfutoci a ƙasar nan ya san watan Afrilu ba wasa, ga zafi, ga ƙurar hunturu da ta daskare a jikin fanka, ga wuta ana kawowa ana ɗaukewa. Inda nake aiki muna da kwamfutocin tebur cike da ɗaki ɗaya, yawancinsu Ubuntu ne a kai, wani nau'in Linux, kuma oga so yake a san wacce za ta ba da matsala tun kafin ta mutu a hannun ɗalibi. Dalilin da ya sa na tsunduma cikin lm-sensors ke nan, manhajar Linux da ke nuna zafin kwamfuta da gudun fanka da ƙarfin wuta.

Zafin furoseso shi ne mai sauƙi, saboda ma'aunin yana cikinsa, idan Intel ne direban coretemp ke karantawa, idan AMD ne k10temp (direba shi ne ƴar manhajar da ke magana da na'ura), kuma yawanci da kansu suke tashi ba sai ka taɓa komai ba. Inda gizo ke saƙar shi ne gudun fanka da ƙarfin wuta da zafin shi kansa madabod ɗin. Waɗannan wani ɗan baƙin aisi (IC) ne mai ƙafafu da yawa a jikin madabod yake auna su, ana ce masa Super I/O, shi ne dai wanda ke kula da tsohon ramin kibod mai zagaye. Kamfanoni kaɗan ne ke yin sa, ITE da Fintek da Nuvoton wanda ya ɓalle daga Winbond a 2008, kuma kowanne da direbansa a kanel, wato zuciyar Linux, it87 na ITE, nct6775 na Nuvoton. Idan lambar aisinka ba ta cikin waɗanda direban ya sani, to shi ke nan, ka buga umarnin sensors ya nuna maka furoseso kawai ya yi shiru.

Akwai umarnin sensors-detect, shi ke bi yana ƙwanƙwasa ƙofofi yana tambayar wane aisi ke ciki. Yana yawan tambaya kafin ya taɓa wasu wurare kuma da dalili, a shekarun baya irin wannan laluben ya lalata ƙwaƙwalwar wasu IBM ThinkPad har suka ƙi tashi. A wasu bod ɗinmu na Gigabyte yana gamawa sai ya ce ya ga aisin da bai sani ba, ya rubuto lambarsa 0x8688. Laifin ba na masu rubuta Linux ba ne, mutum ba zai rubuta direba ba sai da takardar bayanin aisin, kuma ITE ba ya sakin na sababbin ga kowa. Mutane irin su Guenter Roeck da Jean Delvare da suka riƙe wannan ɓangaren na kanel shekara da shekaru, da abin da ya zo hannunsu suke aiki. Sai ka ga jama'a suna tilasta wa it87 ya ɗauki aisin a matsayin wani ɗan uwansa da wani saiti mai suna force_id, yana aiki wani lokaci, amma ni a kwamfutar da ba tawa ba ba na yi.

Haka ma maganar acpi_enforce_resources=lax, saitin da ke sassauta wani hani na kanel, da ake ta raba wa mutane kamar maganin zazzaɓi. Tun 2009 kanel yake hana direba taɓa aisin idan BIOS, manhajar da ke cikin madabod mai tada kwamfuta, ya riga ya ce nasa ne, saboda aisin ana fara gaya masa wane gurbi ake so sannan a karanta, to idan BIOS ya shigo tsakanin waɗannan matakai biyu ya canza gurbin, kai sai ka karanto wani abu daban, ko ma ka rubuta inda bai kamata ba, kuma ka tuna aisin nan shi ke riƙe da fanka.

Amma abin da ya fi tsaya min a rai shi ne ko direban ya tashi lafiya lau, bai san yadda mai bod ya haɗa wayoyinsa ba. Aisin Nuvoton bai iya auna abin da ya wuce kusan bolt 2, don haka layin bolt 12 sai an rage shi da resisto kafin ya iso, kai kuma sai ka ga layin da sensors ya kira in4 yana nuna 1.0 da wani abu, babu suna babu komai. Wani abokin aikina ranar da ya ga ma'aunin zafi na AUXTIN ya rubuta digiri 127 ga ALARM a gefe har ya kai hannu zai zare soket, na ce malam tsaya, taɓa akwatin ka ji, sanyi ƙalau. Ƙafar aisin ce kawai ba a jona ta da komai ba. Ko furoseso ma ba ya tsira, Ryzen 1700X da 1800X na 2017 da gangan AMD ta ƙara musu digiri 20 a kan lambar zafin da ake kira Tctl don fanka ta riƙa tashi da wuri. Kuma idan ka leƙa /sys/class/hwmon ka ga 45000, digiri 45 ne, ana ninkawa da dubu.

Masu Windows kada su yi mana dariya, can ma manhajoji irin su Fan Control sun daɗe suna bi ta wani tsohon direba WinRing0 don isa ga aisin, har Defender, mai tsaron Windows daga bairos, ya fara kama shi a Maris 2025.

Yanzu duk bod ɗin da ya shigo, kafin a rufe akwati nakan haska tocila in rubuta lambar aisin a littafi, in shiga BIOS in kwafe zafi da gudun fanka da bolt, sannan in gwada da na sensors, wanda ya dace in sa masa suna a /etc/sensors.d, wanda ba a jona ba in sa ignore ya daina tsorata mutane. Fayil ɗaya ya ishi duk kwamfutocin da bod ɗinsu iri ɗaya ne, sai dai idan aka canza iri, a sake daga farko.