Ba kowane farin dutse ke da zinariya ba

Duwatsun kudancin Maradi, wajen Ɗan Isa da Madarunfa, ci gaba ne na tsoffin duwatsun da ke ƙarƙashin Katsina da Zamfara. Kimanin shekara miliyan 600 da suka wuce ƙasa ta matse, duwatsun suka tsage, ruwa mai zafin digiri 250 zuwa 400 ya taso ta tsagogin ɗauke da narkakkun ma'adinai. Da ya huce ya bar farin dutsen nan mai kankare gilashi. Shi ne jijiya, ko layi a bakin maginan zinariya.

Kuskuren sabon shiga shi ne murna da dutse fari fat kamar nono. Galibi wannan fanko ne. Wanda ake nema shi ne mai toka-toka, mai zane-zane baƙi, ko mai jan tsatsa da ƙananan ramuka kamar saƙar zuma. Ramukan gurbin dutsen kibiritu ne, wato ma'adinin nan mai walƙiya kamar zinariya, da ya ruɓe, ya saki zinariyar da ya riƙe. A fi duba gefen jijiya, inda ta haɗu da dutsen da ke rungume da ita.

Gwaji ba wuya. A ɗebi guntaye daga faɗin jijiyar duka, kada a tsinci masu kyau kaɗai, a daka su zama gari, a wanke a kasko. Zinariya ta ninka farin dutse nauyi wajen sau 7, don haka ita ke kwanciya a ƙasa. Abin da ke walƙiya kuwa, a buga shi da guduma: in ya farfashe, ƙarya ne, zinariya lanƙwasa take yi.

Jijiya kuma ba ta tafiya sambal. Tana kumbura, ta tsuke kamar zare, wani lokaci tsaga ta gusar da ita gefe. Tana kuma nutsewa a karkace, shi ya sa mai bin ta kan tsinci kansa ƙarƙashin rijiyar maƙwabci. Dutsen sama ya ruɓe, ya yi laushi, ga rijiyoyi kusa-kusa, ga kwaɗayin cinye ginshiƙin da aka bari ya tokare rami, don akwai zinariya a cikinsa. A Nuwamban 2021 ramuka sun rufta a Garin Liman, wajen Ɗan Isa, mutum aƙalla 18 suka rasu, Allah ya jiƙansu.

In an wuce matakin ruwa, dutse ya yi tauri, zinariyar kuma tana kulle cikin kibiritun da bai ruɓe ba. Nan zaiba, da ake tattara zinariya da ita daga garin dutse, ba ta kama ta sosai, sai a zaci jijiyar ce ta ƙare.