Kishiyata ta kasuwa

Yau da azahar moton yaronmu mai kai saƙo ya mutu tsakiyar gadar Kennedy ta Yamai, ɗauke da kulolin abincin wata hajiya ta unguwar Harobanda, ga rana kamar wuta ga hajiya sai kira take. Ban gama tunanin mi zan yi ba sai ga saƙon WhatsApp daga mutumin da wata takwas kenan ina leƙen status ɗinshi a ɓoye, shi ne fa ya buɗe irin sana'ata ta kai saƙo, ya sauko da kuɗin kai kaya daga jika (sefa 1000) zuwa dala 150 (sefa 750), ya janye mini masu restora biyu. Cewa ya yi "ɗan uwa kar ka damu, yarona ya gane naka, ya amshi kayan ya kai."

Wallahi kunya ta riga godiya zuwa, don jiya-jiya a fada nake cewa bai kai ƙarshen shekara. Sau uku ina rubuta amsa ina gogewa, ƙarshe Allah saka da alheri kawai na tura. Har yanzu ina son in wuce shi, ban fasa ba, amma ban san ko ni da na tsaya ma yaronshi ba.