Talata: rediyon Kawu

Ba wuta tun hantsi, kwamfuta ta mutu ina tsakiyar gwaji. Na haƙura.

Da la'asar na tarar da Kawu a zaure yana murɗa rediyonsa a gajeren zango, murya tana tafiya tana dawowa. Na ce masa ai abin da ke hana ni barci a aikin makaranta ke nan: tura saƙon kwamfuta ta wannan zango na megahaz 3 zuwa 30, wanda soja ke komawa gare shi in babu tauraron ɗan'adam. Sigina tana tashi sama ta bugi wata iska mai caji da ke can ƙololuwar sararin samaniya, ta faɗo ɗaruruwan kilomita nesa. Sai dai ba ta hanya ɗaya take isowa ba, wata ta riga wata, su yi karo, ta dusashe.

Ya ce, "Mu a Laberiya kunne ne maganinta. Kalma ta ɓace, ka ce a maimaita."

Na ce na'ura ma haka take yi yanzu. Ƙa'idar NATO, STANAG 5066, tana yanka saƙo gunduwa-gunduwa, wadda ta lalace kaɗai ake sake aikowa. Modem kuma, na'urar da ke mayar da saƙon kwamfuta sigina, yana cakuɗa bit, wato ƙwayoyin saƙon na 0 da 1, kafin ya tura, don in dusashewa ta ci wani yanki ɓarnar ta watsu, lissafin gyara ya cike giɓin. A faɗin kilohaz 3 ana kaiwa bit 9600 a daƙiƙa idan sama ta yi kyau. In ta ɓaci a sauko har 75. Ina ta zuba ina jin daɗi.

Ya rage murya. "A 75 ɗin, saƙo yana isa?"

"Yana isa, Kawu, sannu a hankali."

Sai ya ba ni labarin wani dare da aka harbi wani yaronsu. Mitar da ta yi musu aiki da rana ta ƙi da dare, yana ta murɗawa da hannu yana kira, shuuu kawai. Yau rediyo da kanta take laluben mitar da ke buɗe. Ban iya faɗa masa ba. Sai asuba aka amsa masa, bai ce me ya sami yaron ba, ni ma ban tambaya ba.

Mako uku ina bin 9600, ban taɓa gwada 75 cikin hayaniya mai ƙarfi ba ko sau ɗaya.

Inna ta aiko da tuwo, miyar kuka. Ban ci da yawa ba. Har yanzu wuta ba ta dawo ba.