Kaso goma sha biyu

Asabar da dare.

Yau tun safe wayata ba ta huta ba. Mu shida ne 'ya'yan Umma, kuma mun fi wata muna maganar saya mata sabon firiji, domin tsohon ya daina sanyi, ta gaji da kiran mai gyara. Kan kyautar babu wanda ya ja. Rabon kuɗin ne ya tsaya mana a wuya.

Da hantsi Yaya Babba ya rubuto a zaurenmu na WhatsApp: "A raba gida shida, kowa ya kawo nasa kafin ƙarshen wata." Mutum biyu suka amsa da to. Auta, wadda ba a raba ta da surutu, ta karanta ta yi shiru. Shirun nan ya hana ni sukuni.

Na ɗauko biro da takarda. Ɗaya cikin shida kusan kashi 17 cikin 100 ne na kuɗin. A wurin Yaya bai kai ushirin albashinsa ba. A wurin Auta, da wata huɗu kacal da fara aiki, ya kusa lashe rabin nata. Ƙaninmu da take bi wa kuwa har yanzu neman aikin yake, da 'yan buge-buge yake riƙe kansa. Adadin ɗaya ne a takarda, amma nauyinsa ba ɗaya ba ne a kafaɗar kowa.

Ban so in faɗi haka a zaure ba, kada in tona asirin wani, sai na kira Yaya. Ya saurare ni har na kai aya, sannan ya ce, "Wallahi hankalina bai kai nan ba. To a cire su biyun, mu huɗu mu ɗauka." Na ji daɗi, na ɗauka an gama.

Ashe da saura. Da na gaya wa Auta, muryarta har rawa take. "Yaya, ni ma fa Umma ce ta haife ni. Ranar da za a ce mata ga abin da 'ya'yanki suka saya, so kike in tsaya ina murmushi alhali ko sisi ban sa ba?" Na rasa ta cewa. Mun so mu sauƙaƙa mata, saura ƙiris mu fitar da ita daga cikin kyautar.

Sai na koma kan takardata. Na raba kuɗin kaso 12 maimakon 6: ni da Yaya uku-uku, 'yan tsakiyarmu biyu bibbiyu, ƙananan biyu ɗai-ɗai. Wajen lissafin ne na tuna ba mu sa kuɗin ɗauko firijin ba, da na mai haɗa wuta, da na'urar daidaita wutar. Na haɗa su duka tukuna sannan na raba, don kada a dawo ana bin mutane ciko. Cikon nan na biyu shi ya fi ɓata zumunci, na gani a wurin aiki.

Na kira kowa shi kaɗai na gaya masa nasa. Muka tsayar cewa ni zan riƙe kuɗin in rubuta duk abin da ya shigo, babu mai saka shaidar biya a zaure, in an sami rara a mayar gwargwadon kaso. Umma kuwa abu ɗaya za ta ji: daga mu shida ne. Ƙaninmu ya ce shi zai je ɗauko firijin, ya tsaya a kan mai haɗawa har a gama.

Ƙarfe 9 da 'yan mintuna wayata ta yi ƙara. Kuɗin Auta ne, shi ya fara shigowa. Na rubuta sunanta a layin farko.