Shirin hawan Afadjato

Wallahi yau yaran nan sun burge ni. Tun bayan sallar asuba muka taru a filin Kawukudi da ke Accra, muka hau motar haya ta trotro zuwa Ayi Mensah, daga nan sai hawan tudu da ƙafa har Peduase, kowa da jaka a baya da robar ruwa biyu a ciki don jiki ya saba da nauyi. Sati shida kenan muna wannan atisaye saboda tafiyar da makarantarmu za ta yi zuwa dutsen Afadjato can yankin Volta wajen ƙauyen Liati Wote, kuma duk wanda ya taɓa hawa ya san yadda hanyar take miƙewa tsaye, numfashi ke fara ƙarewa kafin ƙafa.

Akwai wata yarinya 'yar Nima, satin farko ko rabin hanya ba ta kai ba ta zauna bakin kwalta tana haki, tana cewa Malam ƙirjina zai fashe. Yau ita ce a gaba, hijabinta ya jiƙe sharkaf da gumi, har tana juyowa tana jan ƙawarta da hannu. Na kasa magana, idona ya ciko.

Saukowa ce har yanzu ke ba su wuya, gwiwa sai rawa. Iyaye don Allah a sama musu kambas mai ƙwari kafin ranar, silifas ba zai yi ba.